Talauci a Ajandar Siyasar Ikkilisiya: Muhawarar Kiristoci Masu Ra'ayin Riƙau a Jihar Gombe

Ikkilisiyoyin bishara, wato waɗanda suka ɗauki Littafi Mai Tsarki a matsayin mai yanke hukunci na ƙarshe kan koyarwa da ɗabi'a, su ne ƙashin bayan Kiristanci a kudancin Jihar Gombe, a ƙananan hukumomin Billiri da Kaltungo da Shongom da Balanga, da kuma cikin garin Gombe kansa. ECWA ce a kan gaba, sai Angilikan da Baftis da majami'un Fentikos. Katolika, wadda ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Bauchi, tana da nata tsarin koyarwa, amma a kan aure da zubar da ciki da tarbiyya bakinsu ɗaya. Waɗannan ikkilisiyoyi suna da batutuwan da suka saba kai wa gwamnati, kuma talauci bai cika shiga sahun farko ba. Ko ya kamata ya shiga, da yadda zai shiga, shi ne abin da shugabanninsu da malaman tauhidinsu suka daɗe suna ja-in-ja a kai. A Gombe babu mai musun cewa taimakon matalauci aikin ikkilisiya ne. Inda ra'ayi ya rabu shi ne ko ikkilisiya za ta tsaya ga taimakon, ko kuwa za ta tuhumi masu mulki a kan abin da ke jefa mutane cikin talaucin.

Asalin muhawarar a duniya

A farkon ƙarni na 20 masu ra'ayin riƙau na Amurka sun ja baya daga harkar gyaran al'umma, domin sun ga waɗanda suka rungume ta sun fara sassauta koyarwa kan zunubi da ceto. Babban taron Lozan na ƙasar Suwizalan, wanda Billy Graham ya kira a watan Yulin 1974, shi ya sake buɗe maganar. Malaman Latin Amurka irin su René Padilla da Samuel Escobar sun dage cewa ba a raba bishara da adalci, kuma yarjejeniyar taron, wadda John Stott na Ingila ya jagoranci rubutawa, ta amince cewa wa'azi da shiga al'amuran zaman jama'a duka nauyi ne a kan Kirista, ko da yake ta ba wa'azi fifiko.

Siyasar jam'iyyu ta bi wata hanya dabam. Ƙungiyar Moral Majority da Jerry Falwell ya kafa a 1979, da Christian Coalition ta Pat Robertson a 1989, sun tattara ƙuri'un 'yan bishara a kan batutuwa kaɗan: zubar da ciki, addu'a a makarantu, daga baya kuma auren jinsi. A 2004 haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan bishara ta Amurka, NAE, ta fitar da takardar manufa da ta sa talauci da kula da muhalli cikin jerin. A Nuwamban 2006 Fasto Joel Hunter na Jihar Filorida, wanda aka riga aka zaɓa ya shugabanci Christian Coalition, ya janye kafin ya kama aiki saboda hukumar ƙungiyar ba ta yarda a faɗaɗa ajandar ta haɗa da talauci da muhalli ba. A Maris ɗin 2007 James Dobson da wasu shugabanni suka rubuta wasiƙar ƙorafi a kan Richard Cizik na NAE, suna cewa maganarsa kan ɗumamar yanayi tana kawar da hankali daga manyan batutuwan ɗabi'a. Hujjar masu ƙin faɗaɗawa a can ita ce ƙarfin siyasa yana cikin taƙaita buƙata, kuma kula da matalauta aikin iyali da ikkilisiya ne kafin ya zama na gwamnati.

Gadon mishan a ƙasar Tangale da Waja

Tarihin Gombe bai yi daidai da na Amurka ba. Mishan ɗin SIM, wanda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro a 1893, ya kafa tasha a Kaltungo a 1917 ta hannun John Hall da Gordon Beacham. Daga nan aikin ya bazu zuwa sauran ƙasar Tangale da Tula da Waja da Dadiya. 'Yan SIM masu tsananin riƙo da koyarwa ne, amma kusan duk inda suka sauka sai an ga aji na koyon karatu da ɗakin shan magani kusa da majami'a. A idonsu waɗannan hanyoyi ne na shigar da bishara, ba su ne maƙasudi ba. Duk da haka, ta wannan ƙofa ce yankin ya samu malaman makaranta da ma'aikatan jinya da akawu tun kafin samun 'yancin kai, kuma har yau ana ganin tasirin abin a yawan 'yan bokon kudancin jihar.

Da ECWA, ikkilisiyar da aikin SIM ya haifa, ta tsaya da ƙafarta a 1954, ta gaji wannan fahimta baki ɗaya. Wanda ya fi bayyana ta a rubuce shi ne Dakta Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967, sannan babban sakataren ƙungiyar 'yan bishara ta Afirka da Madagaska a 1973. Kato ya halarci taron Lozan, bai kuma hana aikin asibiti ko noma ba. Abin da ya yaƙa shi ne koyarwar da ke mayar da ceto ya zama 'yantuwa daga mulkin mallaka ko daga fatara kawai, irin wadda ya hango a tarurrukan Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya. Ya rasu a ruwa a gaɓar tekun Kenya a Disambar 1975, yana da shekara 39, amma gargaɗinsa ya zauna a makarantun tauhidi. Fastoci da yawa da suka yi karatu bayansa sun tashi da tsoron cewa mai yawan maganar adalci a kan bagade yana dab da sakin bishara.

A cikin shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan da wasu asibitocinsu. Wannan ya rage wa ikkilisiya hannu a hidimar jama'a a daidai lokacin da take shiga siyasa da wata fuska.

Yadda ajandar ta ƙuntata

An kafa Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, a 1976, kuma rikice-rikicen da suka biyo baya su suka tsara mata abin da za ta riƙa faɗa. Akwai taƙaddamar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a majalisar tsara kundin mulki ta 1977 zuwa 1978, sai shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986 zamanin Janar Babangida, sai ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999. Gombe, wadda aka cire daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, tana cikin jihohin da suka bi sahu a zamanin Gwamna Abubakar Habu Hashidu, kuma batun ya jawo tashin hankali a wasu garuruwan jihar. Bayan haka Boko Haram ta zo. A Janairun 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu sujada a wata majami'ar Deeper Life a cikin garin Gombe.

Al'ummar da ta ga irin waɗannan abubuwa ba abin mamaki ba ne ta sa tsaro da wakilci a gaba. Jerin buƙatun da aka saba ji daga shugabannin Kirista a Arewa sananne ne: filin gina majami'a da takardar mallakarsa, malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, adalci a rabon muƙamai da ɗaukar aiki, kujerun ziyarar Urushalima, da kare sarautun gargajiya. A Gombe al'ada ta zauna cewa mataimakin gwamna Kirista ne daga kudu, tun daga Joshua Lidani a 1999 har zuwa Dakta Manassah Daniel Jatau da ya hau a 2019. Rikicin sarautar Mai Tangale a 2021, bayan rasuwar Abdu Buba Maisheru na II, ya nuna ƙarfin wannan ajanda: mata sun tare babbar hanyar Gombe zuwa Yola a Billiri kwana da kwanaki, an yi asarar rayuka da dukiya, kafin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya naɗa Danladi Sanusi Maiyamba. Haka kuma takarar Musulmi da Musulmi ta Bola Tinubu da Kashim Shettima ta mamaye wa'azi da sanarwar manema labarai daga tsakiyar 2022 har zaɓen 2023. Tsadar taki ko rashin magani a asibitin karkara ba su taɓa tara jama'a irin haka ba.

A ɓangaren ɗabi'a, Gombe tana da alaƙa ta kai tsaye da jagorancin masu ra'ayin riƙau na duniya. Henry Ndukuba, wanda ya zama bishop na farko na Dayosis ɗin Angilikan na Gombe a 1999, shi ya zama shugaban Angilikan na Nijeriya a Maris ɗin 2020, kuma cocinsa na cikin jagororin ƙungiyar GAFCON da aka kafa a Urushalima a 2008 don adawa da sassaucin cocin Amurka da Kanada kan auren jinsi. A nan batun ɗabi'a ya ci karo da batun talauci ta hanyar da Amurkawa ba su sani ba. Bayan naɗa Gene Robinson, mai neman jinsi, bishop a cocin Amurka a 2003, shugabannin Angilikan na Afirka a ƙarƙashin Peter Akinola sun ce gara su haƙura da tallafin da ke fitowa daga dayosis-dayosis masu goyon bayan naɗin. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsi, kuma hakan bai hana Shugaba Goodluck Jonathan sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014 ba. Tun daga lokacin, wasu dattawan ikkilisiya kan yi ɗari-ɗari da duk wani shirin yaƙi da talauci da ya zo da kuɗin waje, suna tambayar abin da ke biye da shi.

Girman talaucin

Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya sa layin talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara. A lokacin, kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ƙasa da layin. A Gombe adadin ya haura kashi 62. Rahoton hukumar na Nuwamban 2022, wanda ya auna rashin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli da aikin yi, ya samu mutum miliyan 133 cikin talauci, ya kuma sa Gombe cikin jihohi biyar da abin ya fi tsanani, tare da Sakkwato da Bayelsa da Jigawa da Filato, inda fiye da mutum takwas cikin goma abin ya shafa. An tattara waɗannan alƙaluma kafin cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya. Jihar kuwa tana da masana'antar siminti ta Ashaka, da madatsun ruwa na Dadin Kowa da Balanga, da kwal na Maiganga, da rijiyoyin man Kolmani da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022.

Saran maciji a ƙasar Kaltungo yana nuna yadda talaucin yake a jikin mutum. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, tana da yawa a duwatsu da gonakin yankin, shi ya sa asibitin masu saran maciji na Kaltungo yake karɓar marasa lafiya har daga Bauchi da Adamawa da Taraba da Borno. Wanda take sara galibi manomi ne ko makiyayi da ke aiki da silifa ko ƙafa ba takalmi, a lokacin shuka ko girbi. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai a ga dasashi na zubar da jini, tsohon miki ya buɗe. Idan akwai maganin kashe dafi kyauta, mutum kan tashi cikin 'yan kwanaki. Idan ya yanke, iyali su sayar da akuya ko buhun masarar da aka ajiye don damina, ranar Lahadi kuma sakataren majami'a ya sanar da baiko na musamman. Baikon kan ceci wannan mutum ɗaya. Amma ko maganin zai kasance a asibitin a watan gobe, abu ne da ake yankewa a kasafin kuɗi, a ofisoshin Gombe da Abuja.

Matsayin ɓangarorin

Masu ƙin faɗaɗa ajandar suna da hujjojin da ba a raina su. Ta farko ta tauhidi ce, gadon Kato: aikin da babu mai yi sai ikkilisiya shi ne shelar ceto, kuma tushen cin hanci da zalunci zuciya ce da ba ta tuba ba. Sukan kawo labarin sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, inda manzanni suka ƙi barin wa'azi don rabon abinci, suka zaɓi mutum bakwai su kula da gwauraye. Ta biyu ta dabara ce. Kiristoci ba su ne masu rinjaye a jihar ba, kunnen gwamnati kuma ba ya buɗuwa kullum. Idan an samu ganawa, a ganinsu, a fara da abin da babu mai faɗa sai Kirista, domin tsadar rayuwa tana da ƙungiyar ƙwadago da 'yan jarida da 'yan adawa. Ta uku tsoro ne. A cikin majami'a ɗaya akwai 'yan jam'iyya mai mulki da 'yan adawa, akwai kwamishina da wanda bai ga fanshonsa ba. Faston da ya soki kasafin kuɗi, kafin a tashi sujada an sa masa rigar jam'iyya.

Akwai kuma wani matsayi da ya bambanta da wannan, na bisharar wadata, wadda Benson Idahosa ya yaɗa daga Binin, David Oyedepo kuma ya ƙarfafa ta daga Kaduna kafin ya koma Ota. Ita tana maganar talauci fiye da kowa, sai dai tana ɗaukarsa a matsayin la'ana ko ƙarancin bangaskiya da mutum zai karya da addu'a da zakka da baikon shuka iri. Ta ba matasa da yawa ƙwarin gwiwar neman na kansu, wannan gaskiya ne. Amma da yake ta mayar da matsalar kan mutum shi kaɗai, ba ta da abin da za ta tambayi gwamnati. Taron Lozan na uku a birnin Kef Tawun a 2010 ya soki wannan koyarwa a fili, fastocin ECWA da na Deeper Life da yawa kuma ba sa ga-maciji da ita.

Masu son faɗaɗawa sun fi yawa cikin malaman makarantun tauhidi, da ma'aikatan sassan raya karkara irin su shirin POD na ECWA, da hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya ta Katolika, da matasa masu ilimi marasa aikin yi. Su ma daga Littafi Mai Tsarki suke kafa hujja: annabawa irin su Amos da Mika da Ishaya sun tsaya gaban sarakuna a kan mudun zamba da ƙwace gonaki da danne haƙƙin ma'aikaci, wasiƙar Yakubu kuma ta tsawata wa masu riƙe ladan masu girbi. A labarin gwaurayen ma, in ji su, manzanni ba su yi watsi da ƙorafin ba, sun gyara tsarin rabon ne. Suna da misali a gida: bishop-bishop na Katolika sun daɗe suna fitar da sanarwa kan mulki da tattalin arziki, tun zamanin Abacha, ba tare da sun sassauta matsayinsu kan zubar da ciki ko aure ba.

Idan aka auna, hujjar tauhidi ta masu ƙi ba ta kai ta hana faɗaɗawa ba, domin ikkilisiyar da ke zuwa gidan gwamnati a kan kujerar ziyara da muƙamin kwamishina ta riga ta shiga siyasa. Abin da ya rage shi ne zaɓin batu. Rabon muƙami yana amfanar 'yan boko ƙalilan kai tsaye. Gwauruwa mai 'ya'ya biyar a wani ƙauyen Shongom ba ta ganin canji a tukunyarta don ɗan yankinsu ya zama babban sakatare. Sannan akwai rigingimun da ajandar addini ba ta iya bayyanawa. Faɗan gonaki da ke tasowa lokaci zuwa lokaci tsakanin al'ummun Billiri da na Kaltungo da Shongom, ko tsakanin Waja da Lunguda a Balanga, sau da yawa tsakanin mutanen da ke sujada a ikkilisiya ɗaya ne. Ƙarancin ƙasar noma da rashin wata sana'a ne ke hura wutar. Haka 'yan kalare, 'yan daban Gombe, waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayaninsu a rahotonta na 2007, zaman banza ne ya haife su kafin 'yan siyasa su ɗauke su haya, kuma wanda suka tare a lungu ba sa tambayar addininsa.

Abin da ikkilisiya ta riga ta mallaka

Hidimar matalauta a majami'un Gombe tana tafiya ba tare da an jira ƙarshen muhawara ba, kuma mata ne ke ɗauke da mafi yawanta. Zumuntar mata kan tara hatsi mudu-mudu da sabulu da turamen zane a kai wa gwauraye da marayu, su yi adashe, su je gaisuwar asibiti da kwanon abinci. A sujadar godiya ta kaka ana jera buhunan masara da dawa da wake da gyaɗa a gaban bagade, wani kaso ya tafi ga fasto da masu bishara na karkara, wani ga mabukata. Waɗannan mata sun san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya, da yaron da aka koro saboda kuɗin jarrabawa, da ɗakin haihuwar da ba shi da ungozoma. Ba kasafai wannan sani yake kaiwa ga teburin da ake rubuta takardar bayan taro ba, domin masu zama a teburin kusan dukansu maza ne.

Iyakar rabon kayan agaji ta fito fili a Disambar 2024, lokacin da mutane suka mutu a turmutsitsin karɓar abinci a wata majami'ar Katolika da ke Maitama a Abuja, da kuma a Okija da Ibadan, duk cikin mako guda. Yunwa ta fi ƙarfin abin da baiko zai iya ɗauka.

Tsarin ECWA, daga majami'ar ƙauye zuwa majalisar yanki (LCC) zuwa majalisar gunduma (DCC), ya kai inda ofisoshin gwamnati da yawa ba su kai ba. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, akwai tambayoyi na zahiri da irin wannan tsari zai iya bibiya a ƙananan hukumomi 11 na jihar: nawa ya shigo, nawa aka kashe a makarantun firamare da ɗakunan shan magani, yaushe taki ya iso kuma wa ya samu. Tambayoyi ne da limamin Juma'a a Dukku ko Nafada zai iya yi da kalmomi iri ɗaya, domin arewacin jihar, inda Musulmi suka fi yawa, bai tsira daga talaucin ba. Cikin duk batutuwan da ke gaban CAN, wannan ne kaɗai za ta iya ɗauka tare da Jama'atu Nasril Islam ba tare da wani ɓangare ya bar koyarwarsa ba.

Babban cikas yana cikin gida. Majami'un karkara da yawa ba sa iya biyan fastonsu cikakken albashi a kan kari, ginin majami'a da motar gunduma da taron shekara kuwa sukan dogara da gudummawar manyan baƙi, waɗanda yawancinsu masu riƙe da muƙami ne ko masu nema. Buhunan shinkafar Kirsimeti da kujerun Urushalima ma ta hannun gwamnati suke zuwa. Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ke godiya. Ikkilisiyar da za ta tambayi shugaban ƙaramar hukuma lissafi tana bukatar hanyar biyan ma'aikatanta da ba ta bi ta aljihunsa ba, tana kuma bukatar ta riƙa karanta nata lissafin zakka da baiko a gaban mambobi dalla-dalla. Wasu majami'u suna yin haka a taron ƙarshen shekara, wasu ba sa yi, kuma makarantun tauhidi da ke horar da fastocin yankin sun fi ba da lokaci ga wa'azi da tafsirin nassi fiye da karatun kasafin kuɗi da dokokin ƙasa.